Kafin ka sauya sifikun motarka zuwa kwamfonen, tsaya ka auna ƙofa tukuna

Abin da ya fi ba ni takaici a harkar sautin mota shi ne ka ga mutum ya cire kuɗi ya sayo sifika mai kyau, ta gaske ba jabu ba, an ɗaura masa cikin minti 30 an mayar da murfin ƙofa, ya kunna ya ji kusan ba bambanci da wacce ya cire, wani lokacin ma bas ɗin ya ragu. Sai ya ce ai an cuce shi. To gaskiya yawanci ba laifin sifikar ba ne, yadda aka zaɓe ta ne da yadda aka zaunar da ita a ƙofa. Ni ma na taɓa faɗawa ramin nan, shi ya sa nake so duk mai niyya ya san waɗannan abubuwan tun bai je kanti ba.

Da farko mene ne ma kwamfonen ɗin? Sifikar da aka fi sani ita ce kowaksiyal, wacce za ka ga babbar takarda sannan ga 'yar ƙaramar tuwita a zaune a tsakiyarta, komai a haɗe. Ita kuwa kwamfonen an raba su ne. A kwalin za ka tarar da wufa biyu masu ɗaukar bas da tsakiyar murya, tuwita biyu masu fitar da siririn sauti, sai kuma 'yan akwatuna biyu da ake ce wa kirosoba, su ne ke raba aiki su tura wa kowa rabonsa. Amfanin rabawar ba ado ba ne. Sauti mai kauri yana bazuwa ko'ina, amma siririn sauti a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, inda aka nuna shi nan yake zuwa. In tuwita na can ƙasan ƙofa to ƙafarka da kujera take yi wa waƙa. Da ka ɗauko ta ka sa a saman dashbod ko gefen madubi, sai ka ji muryar mawaƙin ta taso daga ƙasa ta dawo gabanka saitin gilashi. Wannan ɗagowar ita ce ainihin abin da kake biyan kuɗi a kai.

Awo kafin saye

Kar ka yarda da cewa ai duk inci shida da rabi ɗaya ne. E, inci 6.5 wato santimita 16.5 shi ne girman da ya fi yawa, amma akwai motoci masu 5.25, akwai tsofaffin Ford da Mazda masu 6x8, BMW da yawa kuma inci 4 kawai ke ƙofa, wufar tana can ƙarƙashin kujera. Saboda haka cire murfin ƙofar ka gani da idonka, ko ka sa mai wayarin ya cire maka.

Faɗi ma mai sauƙi ne, zurfi ne ke kayar da mutane. Sifikun kamfani maganaɗisunsu ƙarami ne, na kasuwa kuwa sau da yawa ƙato ne mai nauyi, kuma bayan ramin nan gilashin ƙofa ke sauka. Ka sauke gilashin har ƙasa, ka sa ma'auni daga bakin ƙarfen ramin zuwa gilashin, abin da ka samu ka rage kamar rabin santimita zuwa ɗaya, shi ne iyakar zurfin da za ka iya saya. Karo na farko da na yi wannan aikin gilashina a sama yake lokacin da na auna, na ɗaure komai tsaf, ina sauke gilashi sai ji na yi ƙwas ya tsaya a rabi ya daki maganaɗisu. Sai da na sake kwance duka na nemo zobe mai kauri, wato abin da ake ɗora sifikar a kai tsakaninta da ƙarfen ƙofa. Ta gaba ma ka duba, domin in zoben ya yi kauri da yawa takardar sifikar za ta riƙa dukan murfin ƙofa duk lokacin da bas ya buga.

Wasu motocin, irin Toyota da Volkswagen da yawa, ba da sukuru aka ɗaure sifikar ba, ribit ne, sai an huda shi da dirila. Ba wani abin tsoro ba ne, amma ka san da shi, kuma ka nemi zoben da aka yi wa ƙirar motarka.

Maganar wat

Nan ne ake yaudarar mutane. Za ka ga kwali an rubuta 600W ko 1000W da manyan haruffa ja, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Wancan lambar da aka rubuta MAX a gefenta ƙarfin da sifikar za ta jure na ƙiftawar ido ne, ba ta da wani amfani gare ka. Wacce za ka nema ita ce RMS, tana can gefe ko baya da ƙananan haruffa, ita ce ƙarfin da za ta ɗauka a jere ba tare da koyil ya ƙone ba. Kwamfonen mai inci 6.5 yawanci za ka same ta tsakanin wat 50 zuwa 120 RMS. Kuma ka fahimta, wannan lambar ba ta nuna daɗin sauti, ba ta ma nuna ƙara, jurewa kawai take nunawa.

Haka rediyon motar. Wanda aka rubuta 50W x 4 a fuskarsa, ainihin abin da yake bayarwa a tsaftace bai wuce wat 14 zuwa 22 RMS ba a kowane layi. To ka ga in ka sayo sifika mai nauyi da ke son wat 100 ka jona ta da wannan rediyon, kamar ka sa ƙaramin inji a babbar mota ne, za ta motsa amma ba za ta yi gudu ba. Shi ya sa tun farko sai ka yanke shawara, za ka sa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ko ba za ka sa ba? Amsar ita ce za ta nuna maka irin sifikar da za ka saya.

In ba za ka sa ba, ka nemi mai saurin amsawa. Akwai lamba a kwali da ake rubutawa da dB, wato desibel, tana nuna yawan ƙarar da sifikar ke fitarwa in an ba ta wat 1 an auna daga nisan mita 1. Ka nemi 90 ko sama. Bambancin 87 da 90 kamar ba komai ba ne a ido, amma desibel 3 na nufin ninki biyu na ƙarfi, mai 87 sai ta ci wat 40 kafin ta yi ƙarar da mai 90 za ta yi da wat 20. Sannan ga wata 'yar dabara da ya kamata ka lura da ita, wasu kamfanonin ba da wat 1 suke aunawa ba, da bolt 2.83 suke yi, kuma bolt 2.83 a sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tirje wa wuta) wat 2 ne cif. Ke nan lambarsu ta hau da desibel 3 a banza. In za ka kwatanta kwali biyu ka tabbata awo iri ɗaya suka yi, in ba haka ba ka cire 3 daga mai 2.83 ɗin.

In kuma za ka sa amfilifaya, wanda ni shi nake ba da shawara in da hali, ka nemi wacce RMS ɗinta a om 4 ya yi daidai da na sifikar ko ya ɗan ɗara kaɗan. Mutane na tsoron wai ƙarfi zai yi yawa ya ƙona sifika. Yana faruwa, amma abin da na fi gani shi ne akasin haka, ƙaramin rediyo ne ake murɗawa har ƙarshe sai sautin ya fara karcewa yana tsagewa, wannan gurɓataccen sautin shi ke dafa tuwita ta mutu.

Om ɗin ma ka duba. Yawancin sifikun mota om 4 ne, JBL da Infinity suna da wasu masu kusan om 3 ko ƙasa da haka kaɗan don su ɗan ƙara jawo ƙarfi daga rediyo. Inda ake samun matsala shi ne motar da ta zo da amfilifayar kamfani, irin masu tambarin Bose a ƙofa, sau da yawa sifikunsu om 2 ne ko ƙasa, kuma amfilifayar ta riga ta tace sautin daidai da nata sifikun. Ka cire ka sa mai om 4 sai ka ji ƙara ta ragu, sautin ma ya yi wani iri. Irin waɗannan motocin ka binciki tsarinsu sosai kafin ka taɓa komai, wani lokacin sai an haɗa da DSP, na'urar da ke gyara siginar, kafin a ga amfanin sabuwar sifika.

Kunne ne alƙali

Sunaye suna da yawa kuma masu kyau ne, Focal na Faransa, Hertz da Audison na Italiya, Morel na Isra'ila, Alpine da Pioneer da Kenwood na Japan, JL Audio da Rockford Fosgate da Kicker na Amurka. Ba zan ce maka wannan ya fi wancan ba domin kowane yana da na ƙasa da na sama, kuma kunnena ba naka ba ne. Abin da zan ce shi ne sunan da ya yi fice shi aka fi yi wa jabu, in ka ga araha ta wuce hankali ka ja baya, ka duba nauyin maganaɗisu da tsaftar rubutu da lambar da ke jiki.

Abin da ya fi canza halin sauti a wajena shi ne tuwita. Akwai ta siliki, sautinta da laushi, za ka yi tafiyar awa uku kana ji ba ka gaji ba. Akwai ta ƙarfe, alminiyam ko titaniyam, tana da kaifi da haske, tana ratsa ƙarar hanya in gilashi a buɗe yake, amma cikin mota duk gilashi ne da roba mai tauri masu mayar da siririn sauti, in ba a saita ta da kyau ba sai ta riƙa sukar kunne musamman wajen harafin s. Ni ta siliki na fi so kuma ba na ɓoyewa. Amma na ji ta ƙarfe da aka saita da kyau har na kasa fita daga motar, don haka ka je da waƙar da ka sani ciki da bai, wacce ka ji sau ɗari, a sa maka ka saurara. Ka tuna dai allon kanti ba ƙofar mota ba ce, bas ɗin da za ka ji a can ba shi za ka ji a motarka ba, tuwita da murya za ka fi mayar da hankali a kai.

Takardar wufar kuwa in ta roba ce irin polifurofilin ba ta tsoron danshi, ta takarda zalla tana da daɗin murya amma sai wacce aka shafe da abin hana ruwa, akwai kuma na kebla da na zaren kabon masu tauri da rashin nauyi. Bakin da ya zagaye takardar ka zaɓi na roba, na soso yana ruɓewa da zafi da shekaru. Sai maganar mai hanya uku, wacce ake ƙara mata ƙaramar sifika ta tsakiya, tana da kyau amma tana son wurin zama da saiti mai yawa, in wannan ne karonka na farko ka tsaya a mai hanya biyu.

Ƙofar ita ce akwatin

Nan nake so ka fi tsayawa, domin nan ne rabin sautin yake kuma nan aka fi yin sakaci. Sifikar gida tana zuwa da akwatinta da aka auna aka rufe ruf. Ta mota ba ta da akwati sai ƙofarka, ƙofa kuwa siririn ƙarfe ne mai manyan ramuka an rufe da leda. Duk lokacin da takarda ta turo gaba tana fitar da sauti, ta baya ma tana fitar da kishiyarsa, in na bayan ya sami hanya ya zagayo ya haɗu da na gaba sai su kashe juna, bas shi ke fara ɓacewa. Shi ya sa sifika mai tsada a ƙofar da ba a gyara ba take yin sauti kamar ana buga gwangwani.

Maganin shi ne tabarmar hana rawa, wacce ake yi da butil an rufe da alminiyam, Dynamat da StP na cikin waɗanda aka sani. Ka goge ƙarfen tas da abin da ke cire maiƙo in ba haka ba ba za ta kama ba, ka yanka ka manna a ƙarfen waje ta ciki, musamman saitin bayan sifikar, ka danne da rola sosai kar iska ta zauna a ƙasa. Ba dole sai ka rufe ko'ina ba, in ka rufe kwata zuwa rabin faffaɗan ƙarfen rawar za ta mutu, ƙwanƙwasa da yatsa za ka ji ƙarar ta koma dum maimakon kwal. Sannan ka rufe manyan ramukan ƙarfen ciki, amma ka bar wa sandunan makulli da wayoyi hanya su motsa. Ka guji mai kwalta, in rana ta yi zafi tana narkewa ta zame, ga wari. Kuma don Allah kar ka toshe 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofa, ta nan ruwan sama ke fita, domin cikin ƙofa ruwa na shiga ko motar sabuwa ce.

Saboda ruwan nan ne ma zoben da za ka ɗora sifikar a kai ya fi kyau ya zama na roba mai tauri. Katakon MDF yana da daɗin yanka amma yana shan ruwa ya kumbura ya ruguje, in dole shi za ka sa to ka shafe shi da fenti ta ko'ina. Tsakanin zobe da ƙarfe, da tsakanin sifika da zobe, kar a bar kafa ko ta allura. Sai ka zagaye gaban sifikar da soso har ya taɓa murfin ƙofa don sautin ya fito cikin mota kar ya ɓace a tsakanin murfi da ƙarfe. In kuɗinka ba su da yawa gara ka sayi sifika matsakaiciya ka gyara ƙofa, da ka zuba duka a sifika ka bar ƙofa haka.

Wayarin da wurin tuwita

Kafin ka taɓa waya ka cire kan batir na nagatif. Murfin ƙofa ka ɓalle shi da abin roba ba sukundireba ba, kuma ka tanadi kilif na ƙari domin sai wani ya karye. In da rediyo kawai za ka yi aiki wayar kamfani ta isa, ka sayi soket ɗin da ke shiga nata kai tsaye ba sai ka yanka ba. In da amfilifaya ce waya mai kaurin lamba 16 ta wadatar wa sifikun ƙofa, amma ta jan ƙarfe zalla, ba alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe ba wacce za ka ga an rubuta CCA, ita tana saurin cin tsatsa da karyewa. Babbar wayar wutar amfilifaya kuma dole a sa mata fiyus kusa da batir, kar ya wuce santimita 45, wannan ba maganar sauti ba ce maganar gobara ce.

Kirosoba kar ka sa ta inda ruwa ke zuba cikin ƙofa, ka ɗaure ta a bayan murfi ta ɓangaren da yake bushe ko ƙarƙashin dashbod, kuma kar ta riƙa lilo. Kar ka taɓa jona tuwita kai tsaye ba kirosoba ko da gwaji ne, bas ɗaya ya isa ya kashe ta. Yawancinsu suna raba sautin ne wajen 2,500 zuwa 4,000 Hz, wato ma'aunin kauri ko sirantar sauti, kuma an yi kowacce ne daidai da sifikun da ta zo da su, kar ka haɗa ta wani kamfani da ta wani.

Fosatif da nagatif kuwa kar ka yi wasa da su. In ƙofa ɗaya ta juye, ɗaya na turawa ɗaya na ja, bas sai ya ɓace murya ta rasa wurin zama. Gwajin mai sauƙi ne, ka taɓa wa wufar ƙaramin batir mai bolt 1.5, in takarda ta turo waje to inda kan fosatif ya taɓa shi ne fosatif ɗinta, wufa kawai fa ban da tuwita. In kuma ka riga ka rufe ƙofa, ka juya balans, wato saitin hagu da dama, gefe ɗaya gaba ɗaya, in bas ya fi ƙarfi a can fiye da lokacin da yake tsakiya to akwai wacce ta juye.

Tuwita kar ka yi saurin huda mata rami. Ka manna ta da salatif mai fuska biyu, ka gwada kusurwar madubi, ka gwada ginshiƙin gilashin gaba, ka gwada saman dashbod, ka yi kwana biyu uku kana tuƙi kana ji. Tsayin su biyun ya zama ɗaya, kuma kar ta yi nisa sosai da wufar in da yadda za a yi. In ka nuna ta saitin fuskarka za ta fi kaifi, in ka karkatar da ita tana kallon ɗaya gefen za ta fi laushi. In ginshiƙin motarka na da jakar iska a ciki ka kiyaye, kar tuwita ko wayarta ta tare hanyar da jakar za ta fito.

Saiti

Ka mayar da ikwalaiza sifili, ka kashe duk wani abin ƙara bas, ka ja feda, wato saitin gaba da baya, zuwa gaba. Sifikun baya ma ni ba na damuwa da canza su, na kamfani sun isa a bar su ƙasa-ƙasa saboda fasinja. Ka kunna matatar da ke hana bas mai zurfi shiga ƙofa, wacce aka rubuta HPF, ka sa ta wajen 80 Hz, za ka ga sifikar ta ƙara ɗaukar ƙara ba ta shaƙewa. Abin da ke ƙasa da haka aikin sab ne, wato babbar sifikar bas, inci 6.5 ba za ta girgiza maka kujera ba komai tsadarta.

Gen na amfilifaya ba maɓallin ƙara ba ne, daidaita shigowar sigina yake yi. In kana da mitar auna wuta ga lissafin, ka ninka wat da om ka nemo tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da shi, wat 100 sau om 4 ya ba da 400, tushensa bolt 20, wat 75 kuma kusan bolt 17.3. Ka cire wayoyin sifika daga amfilifaya, ka sa sautin gwaji na 1,000 Hz, rediyo a kashi uku cikin huɗu, mita a kan AC, ka murɗa gen a hankali har ya kai lambar. In ba mita to da kunne, ka ɗaga a hankali da waƙa mai tsafta, da ka ji ya fara kaushi ka dawo baya kaɗan ka bar shi nan.

In tuwita ta yi maka kaifi kar ka fara da rage tirebul, buɗe kirosoba za ka ga wurin 0 da -3, ka mayar -3 ka sake ji. In rediyonka na da saitin jinkirta lokaci ka yi amfani da shi, domin kana zaune kusa da ƙofa ɗaya nesa da ɗayar, sauti kuma yana tafiyar kusan santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ka auna daga kanka zuwa kowace sifika ka shigar da lambobin, sannan ka sa waƙar da murya ɗaya ce a tsakiya ka riƙa ƙarawa ko ragewa kaɗan-kaɗan a gefen da ya fi kusa da kai har muryar ta bar ƙofa ta zauna a tsakiyar dashbod.